Fiɗar da Na Ƙi Ƙarasawa a Amurka

Sai da na kwana uku a Amurka kafin na gane babu wani asibitin dabbobi da ke jirana.

Mutumin da ya shirya mini takardu a Kaduna cewa ya yi aikin kula da lafiyar dabbobi ne, na wata tara, a wata jiha mai duwatsu can arewa maso yamma. Ban yi musu ba, don abin da na karanta ke nan a Samaru ta Zariya. Shekara uku ina hawa bas daga Sabon Gari, mu ratsa Palladan, in sauka bakin makaranta, duk don kada in gaji wuƙar Baba. Baba mahauci ne, haka ubansa. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe masa ƙafar akuya a kwata, kafin in kai sha biyar kuwa babu dabbar da ba na feɗewa. Amma na sha jin "ɗan mahauci" a bakin 'yan ajinmu, har na rantse farar riga zan sa in ci abinci.

A birnin da jirgi ya sauke ni babu wanda ya zo tarbata. Lambar da aka ba ni ta yi ta ƙara ba a ɗauka, sai can saƙo ya shigo da sunan wani gari, wai in nemi doguwar bas. Yini biyu na yi a hanya. Gidaje suka yi ta raguwa, itatuwa suka yi ta tsawo, sanyi ya fara shigowa ta ƙasan kujera. Wata tsohuwa baƙar fata da ke gefena ta lura da yadda nake cusa hannuwa a hammata. Ta ciro safar hannu ta ulu daga jaka ta ɗora mini a cinya. A tasha ta gaba ta sauka, ko sunanta ban samu na tambaya ba.

Garin da na sauka titi ɗaya ne: gidan mai, coci biyu, kantin kayan masarufi, sai wani dogon gini na kwano a ƙarshen hanya. Can aka nuna mini. Tun kafin a buɗe ƙofa na gane warin. Warin kwata ne, sai dai an saka shi a firji.

Mai wurin wani jibgegen Bature ne mai jan wuya, sunansa Rod. Ya zagaya da ni. Ɗakin gaba cike yake da kawunan namun daji a bango, duk suna kallon mutum da idon gilashi. A baya kuma ga ɗakin sanyi, dabbobi rataye a ƙugiya. Ya ce maharba ne ke kawo abin da suka harbo, a feɗe, a yanka naman a naɗe musu. Wanda yake son ado kuma sai a jeme fatar, a sanya ta a jikin wani mutum-mutumi na soso mai tauri da aka yi da siffar dabbar, a ɗinke, ta tsaya a falonsa kamar mai rai.

Na ciro takardar shaidar karatuna na miƙa masa. Ko kallonta bai yi ba. Ya miƙo mini rigar leda da wuƙa, yana murmushi, ya ce in sani takardar zamana a ƙasar da sunan shagonsa aka ɗaure ta. Ranar da na bar aikinsa, ranar zan fara haɗa kaya.

Na tsaya riƙe da wuƙar. Na tuna addu'o'in da aka yi mini a masallacin unguwa, da yadda mata suka cika gidanmu suna yi wa Inna barka. In koma bayan mako guda in ce musu me? Na shafa bakin wuƙar da babban yatsa, na ji ko tuwo ba za ta yanka ba. Na ajiye masa ita a tebur na ce ya ba ni dutsen washi, ni ba na aiki da cokali.

Haka muka fara da shi, haka kuma muka ci gaba. Sunana Shu'aibu, ya ce ya yi masa tsawo, zai riƙa kirana Shu. Da na gane kalmar takalmi take nufi a bakinsu, sai na daina juyowa. Ya yi ta kira, ina ta aikina. Kwana huɗu aka yi ana haka, rana ta biyar ya iya faɗin sunan, ko da yake kamar yana tauna tsakuwa.

Mutum ɗaya ce ta sa wurin ya zaunu. Lusiya, wata dattijuwa 'yar Meziko da ta daɗe a shagon, ita ke ɗinkin fatu da sa idanu. Ranar da ta ga ina neman inda zan yi salla, ta share wani lungu bayan firji ta shimfiɗa mini kwali. Da ta gane ba na cin naman da ba a yanka ba, sai ta ware wata tukunya a gidanta, tana zuwa mini da wake mai barkono. Ni da na tashi cikin nama, yini nake ina yankan nama, amma wata uku tsoka ba ta shiga bakina ba. Ƙwai, kifin gwangwani, sai waken Lusiya.

Ba yunwar ce ta fi ci mini rai ba, shirun ne. A ɗan ɗakin tirela, wato ɗaki mai taya, da aka ba ni bayan shago, sai in wuni ranar Lahadi ban ji muryar ɗan Adam ba. Babu kiran salla, babu hon ɗin 'yan acaɓa, babu masu kayan gyaran mota na Sabon Gari suna zagin juna da Turancin buroka suna dariya. Har cunkoson bakin kasuwa da nake tsinewa na yi marmari. Wata rana na tsinci kaina ina lissafa shagunan titin Samaru ɗaya bayan ɗaya, daga mai tsire har mai fotokwafi, don kada in manta.

Aikin kuwa hannuna ya san shi. Barewarsu ta fi tamu girma, akwai ma wata mai ƙahoni kamar reshen itace da ta kai sa, amma fata fata ce. Rod ya riƙa ɗaga fatun da na feɗe yana duba su a hasken fitila yana neman huji. Bai taɓa samu ba, bai kuma taɓa yabawa ba.

Da ƙanƙara ta rufe duwatsu sai aka shiga lokacin farautar zakin dutse. Su kuga suke ce masa. Ba zaki ba ne, ba damisa ba, wata ƙatuwar kyanwa ce mai launin jar ƙasa, ba zane ba ɗigo, da doguwar wutsiya mai baƙin baki. Da karnuka ake bin sawunsa a ƙanƙara har ya gaji ya hau bishiya, sannan a harbo shi. Ƙanin Rod shi ke da karnukan, shi ke kai baƙin maharba daji.

Na farko da aka kawo namiji ne. Mutum biyu suka ɗora shi a tebur da ƙyar. Na taɓa dantsensa na ji kamar icen turmi. A da Rod ba ya barin kowa ya taɓa wannan dabba, amma hannunsa ya fara rawa, shi ma ya sani. Ya ce da ni mai shi so yake a tsayar masa da shi kamar mai rai gaba ɗaya, daga hanci har wutsiya, in na huda fatar in kuka da kaina.

Lusiya ta fara ɗaukar awo: daga hanci zuwa ido, daga hanci zuwa gindin wutsiya, sai kewayen ƙirji, don a samo mutum-mutumin da zai dace. Sannan na yi bisimilla na sa wuƙa. Fiɗar kwata sauri take so, wannan kuwa haƙuri. Fatar tana da taushi, a hammata da mara ba ta fi takarda kauri ba. Na bi ƙafafu na zare kowane dagi har gaɓar yatsa ta ƙarshe, na bar faratan a jikin fata. Na tsaga wutsiya har ƙarshe na zare ƙashin. Kai shi ne wurin wahala. A kunne sai ka yanke guringuntsi dab da ƙoƙo, daga baya ka juya kunnen kamar safa. A ido sai ka sa yatsa ta waje ka ɗaga fatar, wuƙa na bin ƙashi, don kada gashin ido ko ɗaya ya tafi. A baki kuma ka bar leɓe da yawa, ka tsaga shi biyu, ka kiyaye saiwar gashin baki. Da na gama na kankare kitse da ragowar nama, muka shimfiɗa ta muka zuba gishiri har cikin yatsu.

Lusiya ta ce in bar alamar mazakuta a jikin fatar. Doka ce. Duk kugan da aka harbo sai ma'aikatan gandun daji sun duba fatar da ƙoƙon kai, su ga namiji ne ko mace, su cire haƙori ɗaya, su maƙala lamba. Kafin nan ba a kai ta jima.

Naman ya ba ni mamaki. Fari-fari ne, ba ja ba, kuma ba shi da ƙarni. Na cire dogayen tsokokin gadon baya, na zare ƙasusuwan cinya da na dantse, sauran aka niƙa da kayan yaji. Na gaya wa maharbin ya dafa shi sosai, don masu cin nama irin wannan sukan ɗauki wata tsutsa da ido ba ya gani. A nan dai karatun Samaru ya yi rana. Mutumin ya ji daɗi, ya kunna risho a bayan shago ya soya wani yanki, aka yi ta zagayawa da faranti. Da aka zo kaina na ce na gode, a addinina ba a cin mai fiƙa. Rod ya tsire yanka ɗaya da cokali ya kawo dab da bakina, ya ce a shagonsa duk wanda ya feɗe kuga sai ya ɗanɗana, al'ada ce.

Na ce, "Hannuna ka ɗauka aiki. Bakin nawa ne."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta iya haƙori.

Bayan mako uku aka kawo kuga ta biyu, da hantsi. Ƙanin Rod ne ya shigo da ita tare da wani baƙon maharbi mai tsadaddun kaya, suka ajiye suka fice da sauri kamar waɗanda suka bar tukunya a wuta. Ba ta kai na farkon girma ba. Na gama ƙafafun gaba, na tsaga daga haɓa zuwa ƙirji, na gyara mata kwanciya don in bi ciki. Sai na ga gashin da ke kewaye da nonuwanta ya goge, fatar wurin ta yi ja, hantsar a cike. Na matsa ɗaya. Madara ta fito, ta gangaro kan safar hannuna.

Lusiya ta ajiye allura ta yi alamar gicciye a ƙirji. Cikin raɗa ta ce mini wannan tana da 'ya'ya a dutse, kuma ƙanana ne sosai. An hana harbin uwa mai 'ya'ya. In ma'aikata suka ga hantsar nan, ƙanin Rod zai iya rasa izinin kai mutane farauta.

Rod ya shigo ya rufe ƙofa. Ya riga ya sani. Ya ce in yanke fatar cikin gaba ɗaya, da hantsar da alamar mace, in jefa cikin durom ɗin kayan ciki. Lusiya za ta san yadda za ta ɗinke wurin. In ma'aikata suka tambaya, sai a ce sabon ma'aikaci ne daga Afirka ya yi kuskure, bai san doka ba. Ya ce babu wanda zai ɗaure baƙo don rashin sani, gargaɗi kawai za a yi mini.

Na ce ya ba ni minti goma. Na fita bayan shago cikin ƙanƙara na kira Baba. A gida la'asar ta yi sanyi, ina jiyo rediyonsa da muryoyin mutanen da ke zama a ƙofar gida. Na ba shi labari a gurguje. Ya ce dabba dai ta riga ta mutu, in na ƙi ba tashi za ta yi ba. Ya ce a kwata sau nawa aka kayar da saniya sai bayan an farke a ga ɗa a ciki, wa aka kama? Ya ce ni baƙo ne, kowa ya kwana lafiya shi ya so, in yi abin da maigida ya ce in gama watannina in dawo da mutunci.

Ban taɓa saɓa wa maganar Baba ba. Na tsaya ina kallon duwatsun, farare fat har inda ido ya tsaya. Wani wuri a cikinsu akwai kogon da ake jiran wadda ke kwance a teburina. Na koma ciki, na wanke wuƙata, na goge, na sa ta a kube.

Rod ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake yi. Ya tuna mini da takardata.

Na ce, "Na feɗe maka barewa fiye da yadda zan iya tunawa, na feɗe maka namijin. Wannan ma in kana so zan ƙarasa ta, yadda Allah ya halicce ta, babu abin da zan cire. Amma in yanke don a ɓoye, sannan in ce ni ne jahilin, wannan kam nemi wani."

Ya zage ni da kalmomin da sai daga baya na san ma'anar wasunsu. Ya fizgi wata wuƙa daga bango ya hau aikin da kansa, cikin fushi. Ina tsaye ina ji fatar ta yage a hammata. Ta sake yagewa a mara, har wuri biyu. Ya yanke cikin ya wurga a durom, ya ce daga yau aikina wanke ƙasa da kwashe shara.

Kwana biyu ina wanke ƙasa. Lusiya ko ido ba ta son mu haɗa. Ban ga laifinta ba, jikoki uku take riƙo da wannan aikin. Ni ma kada in yi wa kaina ƙarya: ban yi niyyar kai ƙarar kowa ba. Ban san ofishin ba, ban san wa zan kira ba, kuma tsoro yana nan. Na ce na cire hannuna, sauran tsakaninsu da Allah. Amma in na ɗaga cokali zan ci abinci sai in ga farin abin nan yana gangarowa a safar hannu.

Rana ta uku ma'aikaciyar gandun daji ta biyo, wata siririyar mace mai furfura da koren kaki, wadda kan zagayo shagon a lokacin farauta. Aka shimfiɗa mata fatar. Ta juya ta, ta ga ciki babu, ta ɗago kai.

Rod ya kira ni da murya mai daɗi irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya dafa kafaɗata. Ya ce mata ta yi haƙuri, yaron kirki ne amma sabo ne, can inda ya fito sara kawai suke yi, ba su san fiɗa ba. Ya nuna mata hujin hammata, ya ce ta ga irin ɓarnar da na yi masa, ya rasa yadda zai yi da mai fatar.

Da a ce doka kawai ya ce ban sani ba, wataƙila da na sunkuyar da kai. Na cire hannunsa daga kafaɗata.

Na ce, "Wannan ba yankana ba ne."

Na roƙe ta ta biyo ni ɗakin gishiri. Na riƙa zaro fatu ina shimfiɗawa a gabanta, har na zo kan namijin da ita da kanta ta sa wa lamba. Na ce ta duba hammata, ta duba mara, ta duba fatar ido, in ta sami huji ɗaya ta tafi da ni. Muka dawo kan macen. Na nuna mata layin da ya taso daga haɓa, miƙaƙƙe kamar an ja da zare, na ɗora yatsa daidai inda ya tsaya a ƙirji. Daga nan zuwa ƙasa kamar kare ya ja. Na ce mata nan wuƙata ta tsaya.

Ta tambaye ni me ya tsayar da ita.

Na ce, "Madara."

Rod ya fara magana da ƙarfi, ya ce ƙarya nake, haushi nake ji don ya rage mini matsayi, kuma ina shaida? An kwashe durom tun jiya. Matar ta juya ga Lusiya ta tambaye ta ko ta ga wani abu. Lusiya ta ajiye allurar da ke hannunta. Sai ta tashi a hankali, ta buɗe ƙaramin firjin da muke ajiye abincin rana, ta ciro wani ƙunshi daga can ƙasa, bayan robar wakenta. Ta warware a kan tebur. Fatar cikin ce, da hantsar, ta daskare. Ashe tun ranar ta tsamo ta daga durom.

Kafin azahar ma'aikaciyar ta tafi da fatar da ƙoƙon kai da ƙunshin. Kafin la'asar kayana suna waje a kan ƙanƙara, an sa wa ɗakin tirelar kwaɗo. Matar ta bar mini lambar wasu lauyoyi masu taimakon baƙi. Na kira su daga gidan mai. Suka ce ana iya yin shari'a, amma za ta ɗauki watanni, kuma a tsawon lokacin ba ni da izinin yin wani aiki. Na ce na gode. Ban zo duniya don in zauna ana ciyar da ni ina jiran Rod ba.

Lusiya ta sauke ni a ɗakin jikanta kwana biyu. Ita ba a kore ta ba, don babu mai iya ɗinkinta a duk yankin, amma ta ce ta san zaman ya ƙare, lokaci kawai take jira. Na ce mata na jawo mata. Ta ce ita ta buɗe firji, ba ni ba.

Na rubuta halin da nake ciki a zauren wayar 'yan ajinmu na sakandare. Masu addu'a suka yi, masu cewa na cika taurin kai suka faɗa. Sai ga kira daga Emeka. Tare muka tashi a Sabon Gari, shagon babansa na kayan mota yana bayan layinmu, mamansa kuma wurin Baba take sayen nama. Ashe yana Amurka yana tuƙa babbar mota. Ya ce in ba shi sunan garin kawai. Washegari da rana tirelarsa ta tsaya a gidan mai, ta kusa rufe rabin titin. Rabin yini ya ratse daga hanyarsa.

Ya diro ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausarsa ta Zariya, "Shu'aibu ɗan Baba, wa ya kawo ka wannan daji? Ko aljani ba ya zama nan."

Wata huɗu rabon da in ji Hausa ba ta waya ba. Na kama hannunsa na gaishe shi. Ya jefa jakata a mota, ya miƙo mini kula. Teba ce da miyar agushi, ya ce matarsa da kifi ta yi musamman, in ci ba fargaba. Yini biyu muna tafe muna zagin sanyi muna tuna malamanmu, har ya ajiye ni a filin jirgi.

Ina jiran jirgi saƙon Lusiya ya shigo. Ma'aikatan sun hau dutsen, sun bi sawun har wani tsagin dutse. 'Ya'ya biyu ne. Ɗaya ya riga ya mutu. Ɗayan sun same shi da sauran numfashi, sun kai shi wurin da ake rainon irinsu. Ta ce da an je tun ranar farko da duka biyun sun rayu. Ba don ta zarge ni ta faɗa ba, amma na ƙirga kwana biyun da na yi ina wanke ƙasa, kuma har yau ina ƙirga su.

A Sabon Gari labari ya riga ni isowa, an kuma gyara shi. Wai Amurka ta koro Shu'aibu saboda kyanwa. A majalisar bakin layi har da masu yin kukan mage in na wuce. Wani abokin Baba ya tare ni ya ce mutane na sayar da gona don su je inda na je, ni na samu na yi wasa da shi. Na ce masa hanyar tana nan, ba a rufe ba. Yanzu a Samaru nake, ina duba kaji da shanun mutanen Bomo da kewaye, ranar da aiki ya yi yawa a kwata kuma nakan je in kama wa Baba, ba na kuma ɓoyewa.

Baba kam mako guda bai tayar da maganar ba. Gaisuwa kawai, sai ya kau da kai. Na san yana jin na watsa masa ƙasa a ido. Ranar Juma'a bayan an sauko, yana zaune a zaure yana wasa wuƙaƙensa, ya ce in zauna in ba shi labarin tun daga farko, kada in tsallake komai. Na ba shi. Maganar doka ba ta dame shi ba, maganar 'ya'yan ma kai kawai ya girgiza. Da na zo inda Rod ya ɗauki wuƙa da kansa, sai ya tsayar da washi.

Ya ce, "Ya huda fatar?"

Na ce, "Wuri uku, Baba. Ɗaya a hammata, biyu a mara."

"Wuri uku. A fata ɗaya."

"E."

"Kuma ya tsaya gaban hukuma ya ce kai ne? Ya ce mu nan sara muke yi?"

Na ce haka ya ce.

Baba ya gwada bakin wuƙar a gashin hannunsa, ya ajiye ta a kan buhu, ya ɗauki wata.

Ya ce, "Ai ba ka faɗa mani wannan a waya ba."

Na ce lokacin bai faru ba tukuna.

Ya ce, "To. Da ka amsa mashi cewa yankanka ne, da ba a gidan nan za ka sauka ba."